Naira dubu 400 za ta iya fitar da katun na Hausa mai dogon zango?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai buƙata ta fito da ni. Shekara uku ke nan ina koyon zane mai motsi. Da manhajar FlipaClip na fara a waya, yanzu ina ɗan taɓa Blender, manhajar yin zane mai motsi a kwamfuta. Na tara Naira dubu 400 daga zanen tambari da katin biki da nake yi wa mutane, kuma niyyata in zuba su a katun na Hausa da zan riƙa sakawa a YouTube. Labarin tun bara na rubuta shi. Wata yarinya ce 'yar shekara tara da ƙanenta, suna zaune wurin kakarsu a cikin birni. Kullum da daddare idan kakar ta ce "ga ta nan ga ta nanku" suka amsa, sai su tsinci kansu a cikin tatsuniyar, su haɗu da Gizo da Ƙoƙi da Kura. Tsarina fitowa 12, kowace minti 15, kuma da 3D nake so, wato zane mai jiki ba shimfiɗaɗɗe ba. Kwamfutata ta hannu ce na saya, RAM 8, ba ni da allon zane, da linzami nake aiki. Ni kaɗai ne, sai wani abokina da ya ce zai taimaka da murya. Don Allah waɗanda suka riga ni a harkar, me zan fara saya, kuma wata nawa kuke ganin aikin zai ci?

Abban Walid:
Wa alaikumus salam ƙanena. Labarinka ya yi mini, wallahi da na karanta sai da na tuna tabarmar kakata a tsakar gida. Amma kafin maganar saye, zo mu yi lissafi. Fitowa 12 sau minti 15, minti 180 ke nan, awa uku cur. Fim biyu na silima kake shirin yi kai kaɗai da linzami. Tambayar da zan yi maka ita ce: idan ka zauna tun safe har magariba, daƙiƙa nawa ta motsi kake gamawa, wadda za ka iya nuna wa mutum ba ka ji kunya ba?

Ɗan Zazzau:
Gaskiya Yaya ban taɓa aunawa ba. Abu mafi tsawo da na yi daƙiƙa 40 ne, kuma ya kai ni kusan sati uku.

Abban Walid:
To ka ga. Daƙiƙa 40 a kwana 20, daƙiƙa biyu ke nan a rana. Minti 180 daƙiƙa 10,800 ne. Raba ka gani, kwana 5,400, ya doshi shekara 15. Ba ina faɗa don in sare maka gwiwa ba ne, ramin da na faɗa nake nuna maka. A 2021 ni da wani abokina muka fara namu. Fitowa ta farko minti 11, wata bakwai muka yi a kanta. Ranar da muka sake ta mutane suka yi ta sa albarka, kowa na tambayar yaushe ta biyu. Muka ce wata mai zuwa. Wata ya zo ya wuce, abokina ya samu aiki a wani gari, ni kuma aka yi mini haihuwa, hidima ta ƙaru. Har yau ta biyun tana cikin wani faifan ajiya a durowata, rabinta babu launi. Wani lokaci nakan buɗe in kalli yaron da muka zana yana tsaye a bakin rijiya, hannunsa a sama, shekara huɗu ke nan bai sauke gugan ba. Kuɗi ba su ne suka kashe aikin ba, tsawonsa ne ya fi ƙarfinmu.

Injiniya Jos:
Abban Walid, da girmamawa, lissafinka na mai zanen hannu ne. Amfanin 3D ke nan ai: sau ɗaya za ka gina yarinyar, ka ɗaura mata ƙashi, wato gaɓoɓin da za ka riƙa motsa ta da su, shi ke nan kana da ita har ƙarshen zango. Ɗakin kaka ma sau ɗaya za ka gina, sai dai ka juya kyamara. Kuma kada a raina Blender don kyauta ce. Fim ɗin Flow na Gints Zilbalodis, ɗan ƙasar Latbiya, da ita aka yi shi, kuma shi ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025, ya doke manyan kamfanonin Amurka. Yaron nan ya riga ya fara Blender, a bar shi ya ci gaba.

Abban Walid:
Injiniya ban raina Blender ba, ni ma da ita nake cin abinci. Amma Flow ya ci wajen Yuro miliyan uku da rabi, da ma'aikata a ƙasa uku, kuma babu magana ko ɗaya a cikinsa, dabbobi ne. Babu daidaita leɓe da murya, wanda shi ne rabin wahalar labarin Ɗan Zazzau, tunda tatsuniya magana ce. In misalin mutum ɗaya kake so, ɗauki dogon fim na farko na Zilbalodis ɗin, Away, na 2019, wanda ya yi shi kaɗai. Minti 75 ne, shekara uku da rabi ya yi a kansa, a ƙasar da ba a ɗauke wuta. Kusan minti 21 a shekara. Ko da saurinsa ne, minti 180 ya haura shekara takwas.

Injiniya Jos:
Na yarda tsawon ya yi yawa. Amma a rage tsawo, kada a sauya hanya.

Hajiyar Edita:
Ku bar ni in shigo ta wajen renda, wato lokacin da kwamfuta ke fitar da hotunan fim ɗaya bayan ɗaya, don nan ne ake kuka. Minti ɗaya na fim a firam 24, wato hoto 24, cikin daƙiƙa, firam 1,440 ne. Idan kowane firam ya ɗauki kwamfutarka minti ɗaya kafin ta fitar da shi, to minti ɗaya na fim awa 24 ne daidai, kwamfuta a kunne tana huci. A Cycles, injin renda na Blender, da RAM 8 kuma babu katin hoto mai ƙarfi, wato na'urar da ke sarrafa hoto a kwamfuta, minti ɗaya ɗin ma an yi maka sauƙi. Eevee, ɗaya injin na Blender, ya fi sauri nesa, gaskiya ne, amma shi ma yana son katin hoto. Yanzu Ɗan Zazzau, awa nawa kuke samun wuta a unguwarku? In janareto za ka tayar, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ka san yadda lita take. Kuma kowa a nan ya tuna Oktoban 2024 da Arewa ta yi kwanaki a duhu. Ni a lokacin ina da aikin wani a hannu, sai da na riƙa ɗaukar kwamfuta a jaka ina zuwa shagon wani mai sola ina biya a kan awa, ga hayaniyar masu cajin waya a kaina. Dubu 400 ɗinka za ta iya ƙarewa a tankin janareto ba ka kai fitowa ta biyu ba.

Ɗan Zazzau:
Anti wutar kam sai a hankali, wata rana awa huɗu, wata rana ko ƙyaftawa babu. Amma tsorona shi ne, yaranmu sun saba ganin katun na waje masu sheƙi. In na kawo musu zane shimfiɗaɗɗe ba za su raina ba?

Ba'adare:
Salamu alaikum daga Tawa. Ɗan'uwa, wannan tsoro naka shi ya sa na ce sai na yi magana. Ka san Moustapha Alassane? Mutumin Nijar ne, an haife shi a 1942, ya rasu a 2015, Allah ya jiƙan shi. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta Yamma baki ɗaya. Makanike ne tun farko, ya koyi aikin fim a Yamai wajen Bafaranshe mai shirya fim Jean Rouch, ya je Kanada ya ga aikin gwanin zane mai motsi Norman McLaren. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim na kamar minti biyar, zanen layi ne baƙi da fari, kwaɗi ne a ciki, shugabansu ya tafi ziyarar aiki ƙasar waje da faretin sojoji da komai. Babu sheƙi ko kaɗan, amma har gobe ana nuna shi a bukukuwan fim na duniya, don duk wanda ya gani ya gane su wa ake nufi. Yana da wani kuma mai suna Kokoa, kokawar gargajiya ce da 'yan tsana, irin wadda muke cika fili muna kallo. A nan Tawa ya zauna shekaru da yawa yana aikinsa da kayan da ya harhaɗa da hannunsa. Mu da muke da kwamfuta a cinya, bai kamata mu ce kayan aiki ne suka hana mu ba.

Ɗan Zazzau:
Allahu akbar. Wallahi ban taɓa jin sunansa ba, kuma ga shi maƙwabcinmu. Zan nemi fina-finan yau ɗin nan.

Abban Walid:
Ba'adare Allah ya biya ka. Kuma rage motsi ba gazawa ba ce, sana'a ce da manya suka ƙirƙira da gangan. A 1963 mai zane Osamu Tezuka ya ɗauki alkawarin ba gidan talabijin a Japan katun na rabin awa kowane sati. Bai da ma'aikatan da za su yi zane 24 ko 12 a daƙiƙa, sai ya koma takwas ko ƙasa da haka, ya riƙa tsayar da hoto yana motsa baki kawai, yana adana zanen tafiya da na gudu yana maimaita su a kowace fitowa. A Amurka ma kamfanin katun na Hanna-Barbera haka suka yi wa talabijin. In ka lura, da yawa cikin taurarinsu akwai kwala ko wani abu a wuya. Dalili shi ne a raba kai da gangar jiki, jiki ya tsaya cak, kai kaɗai ake sake zanawa.

Mu kuma Allah ya ba mu wata gata da ba mu lura da ita ba: suturarmu. Abin da ya fi ba mai zane wahala shi ne tafiya, gwiwa da idon sawu da yadda nauyi ke sauka a ƙafa. To yarinyarka tana cikin hijabi har ƙasa, kaka tana zaune a tabarma da zane da mayafi, ƙanen ka sa masa 'yar jallabiya. Ƙafa ta ɓuya. Ɗan kaɗa gefen hijabi da ɗan ɗaga kafaɗa sun isa ido ya yarda tafiya ake. Sai dai ka kiyayi ado. Kada ka sa wa kowa atamfa mai fure, kada ka yi wa Sarki babbar riga mai aska takwas sai in a zaune zai ƙare fitowar, don duk zaren da ka zana sai ka bi shi a kowane motsi.

Hajiyar Edita:
To Gizo fa? Ƙafa takwas.

Abban Walid:
Nan ma tatsuniyar ta taimake shi. Wa ya taɓa jin kaka ta ƙirga ƙafafun Gizo? A bakinta Gizo yana noma, yana zuwa fada, yana auren Ƙoƙi, yana sa hula. Ka yi shi ɗan siririn mutum mai dogayen hannuwa da ƙaton ciki da 'yar taguwa, in ya so sauran ƙafafun su fito sai lokacin da asirinsa ya tonu zai haye rufin ɗaki. Sau ɗaya za ka zana wannan gudun, ka yi ta amfani da shi, yara ma za su riƙa jiran wurin.

Injiniya Jos:
Wannan dabarar ta Gizo ta burge ni, ba zan ɓoye ba. To ga matsakaiciya: ya zauna a Blender ɗin amma ya yi amfani da Grease Pencil, sashenta na zanen hannu, ya yi zane shimfiɗaɗɗe, ya yanka shi gaɓa-gaɓa ya ɗaura ƙashi. Ɗakin kaka da tsakar gida ya gina su da 3D mara nauyi, ya fitar da hotonsu sau ɗaya daga kusurwa huɗu ko biyar, ya ajiye su a matsayin bango. In Grease Pencil ta yi wa kwamfutar nauyi, manhajar Krita tana nan, OpenToonz tana nan, duk kyauta. Kada ya kashe ko sisi a manhaja, kuma kada ya sauke na sata, su ne ke zuwa da ƙwayar cuta su cinye wa mutum aikin wata shida.

Maman Ilham:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba mai zane ba ce, malamar firamare ce, kuma na yi shekaru ina wasan kwaikwayo a rediyo. Tun ɗazu ina jira in ji wanda zai tsaya a kan murya, kowa yana ta kwamfuta. Ɗana, ka ce wani abokinka zai taimaka da murya. Shi zai yi kakar? Shi zai yi yarinya 'yar shekara tara? Kada ka yi haka. Yarana uku, na sha ganin suna kallon katun da aka juya zuwa Hausa, ƙato ya matse murya wai shi yaro, minti biyu sun ajiye wayar. Amma akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, in ta fara tatsuniya babu hoto babu komai, sai an zo an janye su da ƙarfi. Yaro yana yafe wa zane, ba ya yafe wa murya.

Ka nemi tsohuwa ta gaske wadda ta iya jan magana, ta san inda ake sassauta murya da inda ake waƙa. Kada ka ba ta takarda ta karanta, za ta daskare. Ka gaya mata labarin, ka bar ta ta faɗa da bakinta sau uku, ka zaɓa. Gizo kuma kada ka manta da tsamin bakinsa, ba ya cewa "sarki", "saiki" yake cewa, da shi yara suke gane shi tun kafin ya bayyana. Yaran da za su yi murya kuma sai da izinin iyayensu, uwar tana zaune a wurin, kuma kada a wuce minti 30 ana ɗauka, gajiya tana fita a murya.

Mai Sauti:
Anti ta gama magana. Abin da zan ƙara, murya ake fara ɗauka kafin a zana komai. Ka ɗauka, ka gyara a manhajar Audacity, ka jera zanen fage-fage a kai kamar hotunan littafi, ka kalla daga farko zuwa ƙarshe. In ya yi daɗi a haka ba motsi, to zai yi daɗi. In ya gundure ka, ka yanke tun yanzu, kafin ka ɓata sati uku a fagen da za ka zubar.

Ba sai ka kama sitidiyo ba. Ƙaramin ɗaki mai kaya da yawa ya fi falo mai tayil. Ni a ɗakin mahaifiyata nake ɗauka, in jingina katifa biyu a bango, in rataya bargo a ƙofa da taga, in kashe fanka, makirufo kamar taƙi ɗaya daga baki da safa a kansa saboda iskar "fa" da "ba". Lokaci ma dabara ne. Bayan isha janareton maƙwabta ne, da asuba zakara ne, da rana masu talla da 'yan adaidaita. Na fi samun shiru da hantsi, tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya, yara suna makaranta. Don motsin baki kuma akwai manhajar Rhubarb Lip Sync, kyauta ce, siffar baki shida zuwa tara kawai take buƙata, tana da tsarin bin sauti ga harshen da ba Turanci ba. Ba ta dacewa ɗari bisa ɗari da Hausa, sai ka bi ka gyara, amma tana rage aiki.

Kiɗa kuma kada ka ɗauko na wani, YouTube za ta kama shi kuɗin ya tafi wurin mai shi. Ka samu mai gurmi ko mai sarewa ka biya shi yini ɗaya, ya yi maka na buɗewa, na tsoro, na gudu, na rufewa. Ku rubuta a takarda cewa ya sallama maka, ku sa hannu da shaida. Masu murya ma haka, ko da 'yan gidanku ne. Ranar da abu ya fara kawo kuɗi ake tuna ba a yi magana ba.

Abu Sumayya:
Ku gafarce ni, akwai abin da ke damuna ban ji an taɓo ba. Mene ne hukuncin zana mai rai? Kada mu ƙarfafa wa yaro gwiwa a kan abin da zai zame masa nauyi gobe ƙiyama.

Maman Ilham:
Malam tambayarka a kan hanya take, kuma ni ma na yi ta kafin in bar yarana su fara kallo. Abin da na sani, hadisan da suka yi gargaɗi a kan masu sura ingantattu ne, haka kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Daga nan malamai suka yi saɓani a kan abin da aka yi don yara da koyarwa, wasu sun sauƙaƙa, wasu sun tsananta. Ba ni da matsayin yanke hukunci. Ɗana ya je wurin malamin da ya amince da ilminsa, ya nuna masa ainihin zanen da labarin, ya ji daga bakinsa.

Ɗan Zazzau:
Na riga na yi haka Malam, tun kafin in fara koyo, mahaifina ne ma ya kai ni. Na gode da kulawa, Allah ya saka.

Abu Sumayya:
Madalla. Allah ya sa albarka a ciki.

Ɗan Kasuwa:
To ni maganar kuɗi zan yi, tunda kowa ya ce a gajarta. Ku sani gajartawar tana da nata farashin. Kafin YouTube ta fara raba maka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Awa 4,000 minti 240,000 ne. In fitowarka minti uku ce, ko kowa ya kalla har ƙarshe, kana neman kallo 80,000. Shi ya sa 'yan Kannywood da suka koma YouTube suke sakin awa guda kowane sati. Bayan haka kuma, tun Janairun 2020 duk bidiyon da aka yi don yara dole ka yi masa alamar haka, saboda dokar Amurka ta kare bayanan yara, bayan tarar Dala miliyan 170 da aka ci kamfanin a 2019. Da ka sa alamar, an rufe sharhi, an cire tallan da ke bin mai kallo, kuɗin ya ragu sosai. Kuma sai ka tara Dala 100 kafin a turo maka. Shawarata kada ya sa alamar, ya ce na kowa da kowa ne.

Hajiyar Edita:
A'a Alhaji, wannan shawarar kada ya ɗauka. Yarinya 'yar shekara tara, kaka, Gizo, wa zai ce ba don yara aka yi ba? Masu YouTube da kansu suna iya sa masa alamar, kuma yin ƙarya a nan yana iya jawo wa tashar matsala. Ban da ma haka, aikin da aka fara don tarbiyyar yara bai kamata a kafa shi a kan ƙarya ba. Ya sa alamar, ya cire ransa daga kuɗin talla a shekarar farko. Maganar awanni kuma da sauƙi: in ya tara fitowa shida sai ya haɗe su wuri ɗaya su zama minti 18 ko 20. Irin wannan iyaye suke kunna wa yara su samu su yi girki, kuma yaro abu ɗaya yake maimaitawa sau goma.

Ɗan Kasuwa:
Na karɓi gyara Hajiya. To in ba talla, daga ina kuɗin zango na biyu zai fito?

Abban Walid:
Daga abin da zango na farko zai buɗe. Katun ɗin Bino and Fino da Adamu Waziri ya fara a Abuja wajen 2010, da gajerun fitowa ya fara, kuma bai tsaya jiran talla ba, ya sayar da faifai da 'yan tsana. Mu a nan akwai makarantu masu zaman kansu, akwai masu biskit da madara da sabulu, akwai ƙungiyoyin da ke neman a yi musu saƙon rigakafi ko wanke hannu da Hausa, akwai gidajen talabijin. Babu wanda zai saurare ka da takardar labari a hannu. Amma ka shiga ofis da fitowa shida gamammu a waya, ka ajiye a tebur, magana ta canja.

Sai abu biyu. Masu tura fina-finai a waya da masu sake ɗorawa a TikTok za su ɗauka, ba makawa. Kada ka sa tambarinka a kusurwa inda za a yanke, ka zana sunan tashar a jikin bangon ɗakin kaka ko a allon yaron, ya zama cikin hoton. Na biyu, ka san dokar inda kake. A Kano, a 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a kan rashin kai su tacewa kafin a sake su, har da waɗanda ake sakawa a intanet. Kai a Zariya kake, amma ranar da za ka kai aikin wani gidan talabijin ko ka yi hulɗa da 'yan Kano, ka fara tambaya.

Matashi 02:
Ni fa ban gane wahalar nan ba. Yanzu da AI mutum yana rubuta abin da yake so ta fitar masa da bidiyo a minti biyar. Me zai sa ya yi wata shida yana zane?

Hajiyar Edita:
Ƙanena na gwada, da kuɗina. Daƙiƙa biyar zuwa goma ta ba ni, kuma masu kyan da Dala ake biya duk wata. Babbar matsalar, yarinyar da ta ba ka a fage na ɗaya ba ita za ta ba ka a na biyu ba, hanci ya canja, hijabi ya koma wani abu. Na ce ta yi mini tsakar gidan Hausa, ta kawo mini gini mai kama da na Maroko da raƙumi a ƙofa. Ba ta san zaure ba, ba ta san randa da moɗa ba, ba ta san yadda tsohuwa ke naɗe ƙafa a tabarma tana jan carbi ba. Shi Ɗan Zazzau ya sani, a ciki ya tashi. Tana da amfani wurin cire ƙara daga murya ko gwada launi, wannan ina yi.

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum, ku yi haƙuri da shiruna na kwana tara, gwaji na tafi yi. Na je gidan ƙanwar kakata a Tudun Wada, na roƙe ta ta yi mini tatsuniyar Gizo da Kura. Da farko ta ce ita ba a tatsuniya da rana, sai da na koma bayan isha, na kashe fanka kamar yadda Mai Sauti ya ce, muka yi sa'a ba a tayar da janareto ba. Da waya na ɗauka. Ta yi minti shida, har da wata waƙa da ban taɓa ji ba, ta ce ita ma wurin kakarta ta koya. Na yanko daƙiƙa 30, na zana ta a zaune, fitilar ƙwai a gefenta, baki da ido da hannu ɗaya kawai ke motsi. Kwana huɗu na yi. Na kunna wa ƙannena, ƙaramar ta matso har hancinta na taɓa gilashin, da ya ƙare ta juyo ta ce, "Yaya, sai me ya faru?"

Ga abin da na yanke. Fitowa shida, kowace minti uku, zane shimfiɗaɗɗe a Blender, kuma ba zan saki ko ɗaya ba sai na gama huɗu. Da saurin da na gani yanzu, kowace za ta ci kamar wata guda, tunda akwai fagen da ya fi zaman kaka wuya. Kuɗin kuma: ƙaramin allon zane mara gilashi, ƙarin RAM zuwa 16, makirufo ɗaya, faifan ajiya na waje don in riƙa kwafe aiki kowane dare. Dubu 100 na ware wa masu murya da mai gurmi. Abin da ya rage na wuta da data ne. Yaya Abban Walid, ko akwai abin da na bari?

Abban Walid:
Ka bar abu ɗaya: kada ka daina aikin katin biki, shi ne zai riƙe ka. Safiya ta katun, yamma ta abinci. Kuma ka turo mini daƙiƙa 30 ɗin nan in gani. Ina da bangon tsakar gida da na bakin rijiya da na fada da muka zana a 2021, suna nan ba su taɓa fita ba. In sun dace da salonka ka ɗauka, ka sa sunan abokina a ƙarshe kawai, shi ya yi musu launi.

Injiniya Jos:
Ni kuma ɗaura ƙashin Gizo nawa ne, ka turo zanen gaba da na gefe. Har yanzu ina ganin wata rana za ka dawo 3D, amma wannan zangon mu gama shi tukuna.

Maman Ilham:
Ɗana, waƙar nan da ƙanwar kakarka ta yi, ka koma ka ɗauke ta cikakkiya da sabon makirufon, ita da duk wadda ta tuna, ko ba za ka yi amfani da su yanzu ba. Ka tafi mata da goro da turare, kuma kuɗinta ka ba ta a hannu kamar kowa, kada ka ce ai ta gida ce. Muryar yarinyar kuma, Ilham ta ji ina karanta wannan ta ce tana so. Mun yi magana da babanta ya amince. Muna zuwa Zariya biki ranar Asabar ta sama, in ka shirya ɗakin da hantsi za mu biyo kafin ɗaurin aure. Ka turo mini layukanta tun yanzu ta saba da su, kuma ka tanadi bargo biyu, zan zo da ɗaya.